Gurbin da ke Kuncin Luba

Duk wanda ya taɓa sauka daga mota a Kwanar Dangora yana neman abin jiƙa maƙoshi, da wuya a ce bai san Hajiya Luba mai fura ba. Doguwa ce, fara, mai haƙorin Makka ɗaya a gefen baki, tana zama a gindin darbejiya kusa da inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja. Furarta akwai yaji, kuma ba ta tsuga wa nono ruwa, shi ya sa direbobin Jos da na Zariya ke tsayawa dominta ko da babu mai sauka. A kuncinta na hagu akwai wani gurbi, daidai yadda kan babban yatsa zai zauna, fatar da ke kewaye da shi ta ɗan yi duhu kamar tsohuwar ƙuna. Baƙo yakan kalli wurin ya yi saurin kau da kai. 'Yan gari kuwa sun daina ganinsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai shekarar da Luba ta rabu da gurbin nan, kuma ba ta taɓa shan wahala irin ta wannan shekarar ba.

An haife ta a wata ruga da yanzu ruwan Tiga ya shanye. Ubanta Mamman makiyayi ne mai taɓa noma, uwarta kuma kowa Inna yake ce mata, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Luba ce 'yar fari, kuma wanda ya san Fulanin wannan yanki ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san yana raye. Wasu matan sukan sassauta in babu idon mutane, amma ban da Inna, wadda ta riƙe kunyar nan tamkar ita kaɗai aka ba ajiyarta. In tana neman Luba sai ta ce "ke", ko ta dubi sama ta ce a zo a ɗauki tulu. In Luba ta kwanta zazzaɓi kakarta ke jinya, Inna tana can bakin bukka tana kaɗa nono kamar ba a gidan ake ciwo ba.

Gurbin kuwa karsana ce ta yi shi. Luba ba ta daɗe da fara tafiya ba, wata safiya Inna tana tsugune tana tatsa, yarinyar ta tako ta shiga tsakanin shanu, wata karsana mai baƙin hali ta kaɗa kai, tsinin ƙaho ya same ta a kunci. Allah ya tsare ido. Aka kira wanzami ya yi abin da zai iya, ciwo ya warke ya bar rami. Tun daga nan Inna ta tsiro da wata ɗabi'a. In Luba ta zo wucewa sai ta tsayar da ita, ta ɗaure fuska, ta ce wai mutum ba ya wanke ido ne, sannan ta sa babban yatsa cikin gurbin ta ɗan murza kamar mai goge datti. Babu wani datti. Amma yaro ba ya gane irin wannan, don haka Luba ta tashi da tabbacin cewa ƙanenta Ubale kaɗai uwarta take so, ita kuwa sai tsangwama.

Da aka tare ruwa a Tiga aka tashi rugarsu, suka dawo gefen Dangora da 'yan shanun da suka rage, Mamman ya ƙara ba noma ƙarfi. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba mu da tausayi wajen laƙabi. Ba a rufa mako ba yaran gari suka sa mata Mai-gurbi. Wani ya ce a zo a buga dara a fuskarta, wani ya ce a kiyaye kar kaza ta saka ƙwai. Ta yi kuka, ta yi dambe, ta gaji ta koyi tafiya da gefen mayafi cije a baki yana rufe kuncin hagu. Mutum ɗaya ne bai taɓa ambatar wurin ba, Rufa'i masunci, wanda ke kawo kifi daga Tiga. Shi ta aura, kuma ta so shi ƙwarai. Zaman bai yi tsawo ba, ciwon shawara ya ɗauke shi, ba su da ɗa a raye. Da ta fita takaba manema suka fara zarya, kowanne sai ya gama kallon kuncin kafin ya gaishe ta, ita kuma ranta ya ƙi su duka.

A shekarar da aka canza kuɗi ta bi wata mata 'yar Kano zuwa Umra, da niyyar ba za ta dawo da wuri ba. Ranar tafiya Inna ta rako ta bakin titi. Ba ta ce mata uffan ba, direba ta yi wa addu'ar sauka lafiya. Mota na shirin tashi ta miƙo hannu ta taga ta goge dattin nan da babu shi.

A Jidda Luba ta yi abin da takari ke yi: wanki, raino, shara, da wasan ɓuya da masu kame. Daga baya ta sami aikin goge-goge a wani ɗan asibitin gyaran fata, inda matan masu hali ke zuwa a gyara musu abin da shekaru suka ɓata. Mai wurin wata likita ce 'yar Masar, mai faɗa amma mai kyauta. Nan Luba ta ga abin mamaki. Mace za ta shigo fata ta tattare a gefen baki, a ɗauko wani farin abu a sirinji a bi layin da allura, ta fito fuska sumul kamar ta budurwa. Luba tana goge ƙasa tana satar kallo, hannunta na zuwa kuncinta ba tare da ta sani ba.

Labarin gida a kaset yake zuwa, in an sami mai tahowa. Ubale ne ke fara magana, ya gaishe ta, ya faɗi waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, sannan matarsa Kande ta karɓa ta yi ta zuba har kaset ya ƙare. Inna ba ta taɓa sa baki ba, sai dai a kan ji tarinta kusa da rikoda. A haka Luba ta ji rasuwar ubanta. A haka kuma, bayan yaƙin Kuwait, ta ji Ubale yana cewa yanar ido ta rufe idon Inna gaba ɗaya, kunne ya yi nauyi, hankali yana zuwa yana tafiya, in da hali ta taho gida.

Da Luba ta je sallama likitar ta ce tana so ta yi mata kyautar tafiya, ta nuna kuncin. Aka fara gwada kaɗan a hannunta, aka jira a ga ko jiki zai karɓa, sannan aka shiga cike gurbin a hankali. Abin fari ne mai kauri kamar kindirmo. Da Luba ta tambayi ko mene ne, aka ce daga fatar saniya ake tace shi, ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce saniya ta haƙa, saniya ta cike. Likitar ta yi mata wani dogon bayani da Larabcinta na Masar mai gudu, Luba tana ta gyaɗa kai, amma idonta na kan madubi, babu abin da ya shiga kunnenta. Kar kowa ya ga laifinta. Mace ce da tun tana ƙarama kowa kuncinta yake fara kallo kafin idonta, ranar nan kuwa ta fita titi babu mayafi a baki, kuma ba wanda ya waiwayo.

Ta sauka Dangora a ƙarshen bazara, gab da faɗuwar ruwa. Gida ya cika maƙil. Waɗanda suka shekara suna ce mata Mai-gurbi su ne suka fara riƙe baki, wai Makka ta karɓe ta, wai Hajiya ta zama Balarabiya. Ta yi jiki, ta ƙara haske, tana ƙamshin turaren wuta, maganarta ma ta sauya, sai ta ce "tayyib" a inda ake cewa to. Ta ratsa su ta shige ɗakin Inna.

Inna ta ƙanƙance, tana zaune a kan tabarma, ido fari fat. Tunda ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, hannu ne ya zama idonta. Ubale takan gane shi da ɗan yatsan da igiyar shanu ta karya masa, Kande da tsagen kumatunta, jikoki kowa da irin ƙeyarsa. Luba ta durƙusa ta gaishe ta. Ubale ya kai baki kusa da kunnenta ya ɗaga murya ya ce ga Adda, wato yayarsa, ta dawo. Inna ta miƙo hannu biyu, ta shafa goshi, ta shafa hanci, babban yatsa ya gangaro kuncin hagu ya tsaya. Ya zaga. Ya koma na dama ko ta yi kuskure, ya sake dawowa. Sannan ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji ta, da ladabin da ake yi wa baƙo. "Ubale, a kawo wa baƙuwa ruwa."

Aka yi dariya, aka ɗauka ruɗun tsufa ne na yini ɗaya. Ashe ba haka ba ne. Luba ta rantse, ta kawo sunan rugarsu, ta jero sunayen shanun ubanta, ta juya harshe zuwa Fillanci, Inna ta ce duk wannan ana iya tsinta a bakin mutane. Ubale ya yi bayanin allura, ta ce da ma shi tun yana yaro kowa na iya yi masa wayo. Da aka matsa mata sai ta fusata, ta juya baya ta ƙi abinci, ta ce ko ruwa ba za ta karɓa daga hannun maƙaryaciya ba, a bar ta ta jira tata. Luba ta zaga bayan ɗaki ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar Rufa'i. Ta tsallako teku don uwarta ta san ta dawo, ga shi da kanta ta sa aka goge alamar da za a gane ta da ita.

Kande ce ta kawo shawara, kuma da zuciya ɗaya ta kawo ta. Kande irin matan nan ce da ba a gama faɗin ciwo sun kawo magani. Ta ce ai abin ba wuya, ba an ce saniya ce aka cusa a wurin ba? To wace mace ce ba ta san yadda ake yi wa naman tsohuwar saniya ba? In ya ƙi dahuwa a naɗe shi a ganyen gwanda, ko a yanka ɗanyar gwanda a jefa a tukunya, ya yi laushi har ya saki ƙashi. Ga gwanda nan a bayan gida tana ta 'ya'ya. Wanda ya ji maganar a lokacin zai ce akwai hankali a cikinta, Luba kuwa ba ta cikin halin tantancewa. Suka tsattsaga ɗanyar gwanda da wuƙa, farin ruwan ya tsattsafo, suka tara a murfin kwano, Kande ta lafta mata a kunci, ta ɗora ganye ta ɗaure da ƙyalle. Ya fara da ƙaiƙayi, Kande ta ce aiki yake yi. Ya koma raɗaɗi kamar an zuba barkono a ciwo, Luba ta cije ta ce a ƙara. Suka yi ta maimaitawa, har ranar da aka kwance ƙyalle fata ta biyo ganyen, kunci ya kumbura suntum, ido ɗaya ya kusa rufewa. Kande ta ɗora hannu a ka tana salati.

Ubale ya sa ta a mota sai Kano, wajen wani likitan fata, dattijo mai sanyin magana. Ya wanke ciwon, ya saurari labarin daga farko har ƙarshe bai yi dariya ba, ko da yake an ga gefen bakinsa ya motsa da aka zo kan tsohuwar saniya. Ya ce mai shawarar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Lallai akwai wani sinadari a ruwan gwanda mai yanyanka nama har ya narke, sai dai bai san bambancin saniya da mutum ba, abin da ya fara tararwa shi yake ci, fatarta kuwa ita ce a gaba. Abin da aka sa mata yana can ƙarƙashi, ko taɓa shi bai yi ba. Amma, in ji shi, jikin mutum yana da irin nasa sinadarin, wanda Allah ya sa masa don rushe tsohon nama a gina sabo, kuma tun ranar da aka yi allurar yake ta gutsurar baƙon abin nan kaɗan-kaɗan. Da ma ba a yi shi don ya dawwama ba, masu yi komawa suke a ƙara musu. A nan Luba ta gane abin da 'yar Masar ke ta faɗa mata ranar madubi.

Ta tambaye shi ko akwai allurar da za ta hanzarta narkewar. Ya ce ta irin wannan dai shi ba shi da ita, bai kuma san mai ita ba. Ta ce to ya yanka ya kwashe. Ya ce abin ya riga ya bi nama, ba ƙulli ba ne da za a ciro, in ya sa wuƙa wani tabon daban zai yi mata, ba nata na da ba. Sai dai haƙuri, wataƙila zuwa kaka.

"Likita, uwata ba lallai ta kai kaka ba."

Ya ce wannan kuma ba a hannunsa yake ba, ya rubuta mata maganin shafawa.

A hanyar dawowa ta yanke shawara. Tunda ba za a karɓe ta a matsayin 'ya ba, za ta shiga a baƙuwa, muddin tsohuwar za ta ci abinci. Ta shiga ɗaki ta durƙusa ta nemi gafara, ta ce gaskiya ita wata Hajiya ce daga Jidda, ta yi ƙarya ne don tana neman wurin zama, ta rasa inda danginta suke. Nan take Inna ta sauko, ta ce ai da ta faɗi haka tun farko, gidan Mamman bai taɓa korar baƙo ba. Sannan ta matso ta rage murya ta tambaya, tunda daga can take, ko ta taɓa gamuwa da wata doguwa, fara, mai gurbi a kuncin hagu. Luba ta ce ta san ta, lafiyarta ƙalau, tana nan tafe, jirgi take jira.

Haka suka yi damina. Ubale da Kande suna gona, baƙuwa ce a ɗaki. Ita ke dama kunu, ita ke yi mata wanka, ita ke fito da ita shan hantsi in rana ta leƙo, ta tsefe mata ɗan sauran gashin ta kitse. Ita ke wanke abin da tsufa ke sa a wanke, ba ta taɓa bari Kande ta sa hannu ba. Sai ga wani abu da ba wanda ya zata: Inna da ba a san ta da magana ba ta buɗe baki. Ai ba a jin kunyar baƙo irin wadda ake ji wa ɗan fari. Kullum hirar ɗaya ce, ta "babbar", haka take ce mata. Yadda aka haife ta ana tsuga ruwa, da gashi cike da kai. Yadda in tana zazzaɓi Inna ke zama a bakin bukka tana kaɗa nonon da ya riga ya kaɗu, don dai ta riƙa jin numfashinta. Yadda ta taɓa bin wani yaro mai kiran Mai-gurbi har bayan masallaci ta murɗe masa kunne, ta ce in ya faɗa wa wani sai ta ƙara masa. Yadda duk ranar da za a ɗauki kaset takan matso kusa da rikoda ta yi tari, don a san a can cewa tana nan da rai. Luba tana ji tana tsifa, hawaye na ɗiga a kan furfurar uwarta, Inna ta ce ɗakin nan ya fara yoyo, a gaya wa Ubale.

Wata rana suna zaune a hantsi ta kawo labarin karsana.

"Laifina ne, Hajiya. Ni na ajiye ta na juya baya saboda ƙwaryar nono. Da na ga jini ban san sanda na kama sunanta ba, a gaban surukata, a gaban kowa. Na ce Luba." Ta motsa leɓe kamar mai ɗanɗana sunan. "Tun daga ranar ban sake ba sai yau. Wurin nan kuwa, in na sa yatsa, haƙuri nake ba ta. Ban sani ba ko ta gane."

Luba ta ce ai babbar ta gane. Inna ta ce ina Hajiya ta sani? Luba ta ce babbar da bakinta ta gaya mata a Jidda. Ƙarya ce, ba ta gane ba sai a wannan hantsin, amma ƙarya ce da ba ta taɓa nadamar yi ba.

Jiki kuwa yana can yana aikinsa, ba ya shawara da kowa. Ƙunar gwanda ta warke ta bar duhu. Wajen tsakiyar damina Luba ta ji wurin ya fara taushi, da gero ya fitar da kai ta ji ɗan kwari. Kowace safiya bayan alwala sai ta sa yatsa ta auna, Kande ma tana aunawa da ido, tana ba da labari ko ba a tambaye ta ba. Da aka shiga girbin gero wata mai tallar kifi daga Tiga, da ta san ta tun zamanin Rufa'i, ta leƙo gidan ta ce, a'a, Mai-gurbi, yaushe a gari? Ba ta taɓa jin daɗin sunan nan ba sai ranar.

To, a nan ne ta yi abin da ya ba Kande haushi, ta ƙi kai fuskarta. In Inna ta miƙo hannu sai ta ba ta kafaɗa. Ta san abin da zai biyo baya. Ranar da yatsan nan ya faɗa gurbinsa, ranar hira ta ƙare, a koma "ke" da kallon sama. Ta yi shekara da shekaru tana yunwar abin da yanzu take samu a kowane hantsi, kuma ba ta ƙoshi ba. Ta ce wa kanta sai gobe, goben ta zo ta ce sai jibi. Son kai ne, ta sani, amma wanda bai taɓa jin uwarsa ta yabe shi ba ne kaɗai ya isa ya yi mata hukunci.

Inna ce ta raba gardama ba da saninta ba. Jikinta ya fara saki, kunu ma sai ɗan kurɓi. Wata safiya ta ture ludayin ta ce, "Hajiya, gaya mini gaskiya. Jirgin nan ba zai zo ba, ko?" Ta ce ta gaji da jira, tana ji a jikinta kwanan ya ƙarato, abin da take roƙo kawai kar a kai ta makwanci ba ta san ko yarinyar tana raye ba. Babu kuka a muryarta, kuma wannan ya fi wa Luba ciwo.

Luba ta ajiye ludayin. Ta fita tsakar gida ta wanke fuska, ta cire mayafin Jidda mai ƙamshin turare, ta ari tsohon zanen Kande ta ɗaura, ta ɗan tsaya a bakin ƙofa. Sannan ta yi sallama kamar mai dawowa daga tafiya, ta durƙusa, ta kama hannun uwarta ta ɗora a fuskarta.

Yatsan bai yi lalube ba. Kai tsaye ya gangara ya zauna, kamar jiya ya bar wurin. Ya daɗe a nan. Luba ta ga leɓen tsohuwar yana motsi, ta ƙura masa ido, ta kasa kunne. Amma Inna dai Inna ce. Ta ɗan murza wurin, ta janye hannu, ta gyara ɗaurin kallabi, ta juya fuska wajen bango.

"Ashe an dawo," in ji ta. "Mutum ya je ya yi ta zama a ƙasar mutane. Ko ido ba a wanke ba."

Daga nan ta ce a miƙo kunun, ta shanye shi tas.

Da la'asar ta fara cigiyar Hajiya. Luba ta ce ta sami labarin danginta a wajen Doguwa, ta tafi da gaggawa. Inna ranta bai so ba, ta ce ko sallama babu. Ta ce baiwar Allahn nan ta yi mata abin da 'ya'yan cikinta ba su yi ba, wasu suna can suna jiran jirgi. Ta sa aka sauko da ƙwaryarta daga ragaya, tsohuwar ƙwarya mai zane da ta gada daga uwarta, wadda ba ta taɓa bari kowa ya taɓa ba, ta ce a kai wa Hajiya duk inda take.

"Kuma ke," in ji ta, har yanzu tana fuskantar bango, "in kin gan ta, ki ce maganganun da muka yi su tsaya tsakaninmu."

"Za ta riƙe, Inna."

Inna ba ta ga girbin dawa ba. A 'yan kwanakin da suka rage mata ba ta sake hira ba, sai "ke" da "a zo a ɗauke kwano". Sai dai Luba ba ta taɓa shiga ɗakin ta fita ba tare da an sami dattin da za a goge a fuskarta ba. A hannunta ta cika, da hantsi.

Luba ba ta koma Jidda ba. Ta fara dama fura a ƙofar gida, daga baya ta koma bakin titi, ta zama Hajiya mai fura da kowa ya sani. Bayan wasu shekaru wata ƙawarta takari ta zo ganin gida, ta kalli kuncin ta ce wai yanzu an fito da wani sabon abin cikewa da ya fi na da, wai har in mutum bai so ba akwai allurar da ke narkar da shi nan da nan. Luba ta tsaya da damu, ta daɗe riƙe da ludayi. Da akwai allurar nan a waccan shekarar, da tun kafin ruwa ya sauka uwarta ta gane ta, da ba a yi ƙunar gwanda ba, da kuma ba ta ji ko ɗaya daga cikin hirar daminar nan ba. Ta ce wa ƙawar Allah ya ba masu so sa'a, ta ci gaba da damunta.

Ƙwaryar tana nan a ragaya a ɗakinta, takan sauko da ita ta goge ƙura ta mayar, ba a taɓa zuba mata nono ba. Masu sayen tsofaffin kaya sun sha tayawa. Takan ce ba tata ba ce, ajiyar wata Hajiya ce.